Adaftar Landan a Garin da Ba Lantarki

Asibitin Rogo,
Ƙasar Karaye, Kano.
20 ga Oktoba, 1958.

Zuwa ga Hamma Abdulsalami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan takarda daga hannun ƙaninka Aƙilu ta fito, tana ɗauke da gaisuwar girmamawa da ta kewa, da fatan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya karatu, yaya sanyin ƙasar mutane, yaya haƙuri da rashinmu? Allah Ya buɗa maka basira a kan aikin wayar nan da ka je koyo, Ya haɗa ka da malamai masu tausayi, Ya tsare maka addininka da lafiyarka, Ya dawo mana da kai muna raye, amin.

Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau daga Rogo har Karaye, ana ta cirar gyaɗa, dawa ma ta sunkuyar da kai. Bappa Sulle yana nan a ofishin hakimi da alƙalaminsa, sai dai yanzu ba ya iya karatu sai da tabarau, kuma ba ya son a gan shi da shi. Matata Lauratu har yau tana Gwarzo wajen iyayenta. Tun da ta tafi goyon ciki wata biyar ke nan, kuma mahaifiyarta ta ce ba za ta sako min ita ba sai takwaranka ya fara zama. Sau biyu kaɗai na gan shi. Sun ce goshinka ya ɗauko, ni dai kunya ba ta bar ni na dube shi sosai a gaban surukai ba. Gwaggo Yelwa kuwa jikin da sauƙi, tana ci tana sha, amma idanun sun ƙara rufewa. Yanzu inuwar mutum take gani, sai ya yi magana ta san ko wane ne.

Hamma, a kan ƙunshin da ka aiko da kuma ranar Alhamis ɗin nan nake son in ba ka labari, don na san kana can kana jiran ka ji ko saƙonka ya iso. Amma sai na fara gaya maka yadda zamana yake a nan, don ka gane sauran. Da safe ina asibiti, wankin gyambo da rabon maganin zazzaɓi har azahar, ba na samun sukunin tunani. Daga an yi la'asar kuwa sai gari ya yi min faɗi. Mutanen Rogo mutanen kirki ne, suna girmama ni, daga gidan dagaci ma ake kawo min tuwo, amma har yanzu Malamin Asibiti nake a wurinsu, ba wanda ke kirana da sunana. In na zauna a majalisarsu sai hira ta koma ta ciwon baya da na ciki. Saboda haka sai na koma wa sana'armu ta dā. Rediyon nan mai ƙwai biyu na gilashi masu ƙara murya da muka fara haɗawa kafin ka tafi, na ƙarasa shi a cikin akwatin magani na katako. Ƙarfen liƙi a garwashi nake ɗuma shi, eriya kuwa na ɗaure ta a kan tsamiyar bayan asibiti. Ranar da ya fara magana ta lasifika na tashi tsaye na waiwaya in gaya wa wani, sai na ga ni kaɗai ne a ɗakin. Tun daga ranar dai shi ne abokin hirata daga la'asar zuwa magariba.

To, a farkon watan jiya babban batir ɗin ya fara sanyi. Murya ta riƙa ja da baya kamar mai magana yana tafiya yana nisa, har ran nan ta ɗauke. Na ba Lado direba, mai motar gyaɗar nan da ke zuwa Kano, sautu ya nemo min wani. Ya dawo ya ce ya zaga kantuna har ƙafarsa ta gaji, kowa ya ce babu, sai jirgin ruwa ya iso. Ana cikin haka takardarka ta zo, wadda ka ce an ɗauki muryarka a gidan rediyon can, za a sa gaisuwarka ga mutanen gida ranar Alhamis tara ga Oktoba da yamma. Ka kuma ce kada in damu da batir, ka aiko min da abin da zai raba ni da shi har abada. Kwana shida bayan haka masinjan hakimi ya kawo min ƙunshin a bayan kekensa. Na wanke hannu kafin in kwance shi. Na tarar da ɗan akwatin ƙarfe baƙi mai nauyi, da doguwar waya mai kai da haƙora uku, da 'yar takarda a rubutunka cewa sunansa adafta, in soka kan wayar a jikin bango, shi zai rage wutar ya ba rediyo daidai cikinsa.

Na riƙe kan wayar nan, na dubi bangon ɗakina na ƙasa, daga ƙofa har taga har inda zago ya ci. Da farko dariya na yi, har da hawaye. Daga baya dariyar ta tsaya. Hamma, ba lantarki a Rogo, ba lantarki a Karaye, ko a gidan hakimi fitilar ƙwai ake kunnawa. Na san ka san haka. Amma shekara uku kana tashi kana taɓa bango haske ya zo, har abin ya zama maka kamar shan ruwa. Ban ga laifinka ba, wallahi, na san alheri ka nufa, kuma na san ka hana kanka wani abu kafin ka sayo shi. Abin da ya taɓa ni shi ne na gane nisan da ke tsakaninmu ya fi wanda nake gani a taswira.

Duk da haka ban haƙura ba, kuma a nan zan faɗi laifina. Na roƙi Lado ya ara min batir ɗin motarsa ranar da ya kwana a Rogo, na kwance kan wayar na haɗa adaftar da shi. Ba a jima ba akwatin ya ɗauki zafi, ya fara warin ƙonannen fenti. Na fizge wayar da sauri. Sai a lokacin na tuna abin da ka koya min da bakinka a zauren gidanmu, cewa wutar batir hanya ɗaya take bi, shi kuwa taransifoma da ke cikin adafta ba ya aiki sai da wuta mai kai da komowa. Lado ya tsaya yana kallona, ya ce kafin abin ya fashe shi zai ɗauki batir ɗinsa tun yana da rai. Na buɗe cikin adaftar daga baya, ban ga inda ya ƙone ba, amma ba ni da hanyar gwadawa. Ka yafe min in na lalata maka kyauta.

Ranar Laraba, bayan na sallami mutum na ƙarshe a asibiti, na naɗe rediyon a bargo na ɗaure a bayan keke na kama hanyar Karaye. A rafi biyu sai da na sauka na ɗora shi a ka. Niyyata in je in ba Gwaggo haƙuri da bakina, in nuna mata akwatin ta taɓa ta ji ba ya motsi. Ina shiga gida na tarar ashe Bappa ya riga ya karanta mata takardar da ka aiko musu tun makon jiya. Ta sa an wanke mata zanenta na saƙi, an yi mata lalle, ta aika wa ƙawayenta duka cewa gobe Babanta zai yi mata magana daga Ingila. Ka san ba ta taɓa kiran sunanka ba, tunda sunan mahaifinta ne. Da ta ji muryata ta laluba ta kama hannuna, ta tambaye ni ko na zo da akwatin. Na ce na zo da shi. Ban gaya mata babu batir ba.

Na fita zaure na gaya wa Bappa gaskiya. Ya shafa gemu, sannan ya tambaye ni shin mene ne a cikin babban batir ɗin nan da ba a samunsa sai a jirgin ruwa. Na ce ba komai ba ne illa ƙananan batura da yawa da aka jera a ciki, irin na tocila, kowanne ya ba da ɗan ƙarfinsa, kamar sittin ne ke yin guda. Sai ya miƙe ya ɗauki sandarsa, ya ce in sa takalmina, in dai tocila ce ai ba a Landan kaɗai ake da ita ba.

Hamma, da ka ga Bappa a ranar. Mutumin da ko allura bai taɓa aro ba, shi ne ya riƙa bin ƙofa ƙofa yana sallama. Dogaran hakimi suka zazzage tocilolinsu, malamin alƙali ya ba da uku, hedimasta ya ba da shida. Isyaku mai tebur ya ba da sababbi goma sha biyu, ya ce a dawo masa da su kada a yaga takardar jikinsu. Ungozoma Barira ta aiko da biyu, ta ce mu yi addu'a kada wata ta tashi haihuwa kafin a mayar mata. Liman ya ce shi dai bai gamsu da akwati mai magana ba, amma zumunci ya fi ƙarfin ra'ayinsa, ya miƙo nasa biyu. Akwai wanda ya hana, ba zan rubuta sunansa ba, ka san shi. Kowane batir sai Bappa ya rubuta sunan mai shi a gindinsa da tawada. Zuwa hantsin Alhamis mun tara arba'in da bakwai, wasu sababbi, wasu sun kusa mutuwa, sai na ɗanɗana da harshe kafin in san akwai saura. Na tsaga gora na jera su a ciki kai da gindi, na toshe bakin kowace gora da yankin gwangwanin madara, na ɗaɗɗaure da zare. Na ware huɗu don ɗuma ƙwayayen. Eriya kuwa daga ɗorawar ƙofar gida na jawo ta har kan soro, wayar ƙasa na binne ta a gindin randa inda ke da laima.

Da la'asar na gwada. Ƙwayayen suka yi ɗan ja, amma lasifika ko tari bai yi ba. Ƙarfin bai kai ba. Na cire shi na sa abin jin nan na kunne, tsohon naka mai faifai biyu da ka bar min, sai na ji tashar can ƙasa ƙasa, siririya kamar zare, in ka saki kunne ɗaya ta ɓace. Wato mutum ɗaya ne kaɗai zai ji. A lokacin kuwa maza sun cika zaure har waje, duk wanda ya ba da batir ya zo, mata sun cika tsakar gida, an shimfiɗa wa Gwaggo tabarma a shigifa tsakaninsu. Bappa ya fita ya yi musu bayani. Ba wanda ya tashi. Hedimasta ya ce ai dama don tsohuwa aka yi, su ganin idonsu ya ishe su.

Gora ɗaya ta riƙa sakin jiki, sai Bappa ya naɗe hannun rigarsa ya durƙusa ya matse bakinta da tafukansa biyu, haka ya zauna har aka gama. Ni ina riƙe da abin juya tasha, abin ji yana kaina. Aka yi labarai, aka yi wani bayani a kan auduga. Sannan na ji mai gabatarwa ya ce yanzu ga wani ɗalibi daga ƙasar Karaye ta lardin Kano, ya faɗi sunanka da na Baba. Zuciyata ta ce in tsaya in ji ko sallamarka ce kawai. Amma na san in na ji sallamar zan so in ji abin da ke bayanta. Na cire na ɗora a kan Gwaggo.

Ta dafe faifan biyu da hannuwanta. Gida ya yi tsit, har kukan kurciya a kan ɗorawa muna ji. Sai muka ji ta amsa sallama da ƙarfi, yadda take yi in baƙo yana bakin ƙofa. Ta ce lafiya lau, ta ce lafiya ƙalau, ta ce gajiya ta bi lafiya. Ta tambaye ka ko kana samun abin da za ka ci. Ta jira, ta sake tambaya. Sannan ta juyo wajena ta ce Babanta ba ya jin ta, in ƙara masa wuta. Na ce mata ta saurara kawai, shi ba zai ji ba. Ta sunkuyar da kai, leɓunanta suna motsi, hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga a kan zanen saƙin. Ni ina durƙushe a gabanta, tsakanina da muryarka bai fi taƙi ɗaya ba, ina kallon fuskarta ina ƙoƙarin karanta abin da kake faɗa a kanta. Ban sani ba ko minti biyu ne ko uku. Da ta sauke hannu na karɓa na sa a kunnena, sai na ji ana kiɗa.

Jama'a suka yi caa, kowa yana tambaya me ka ce. Gwaggo ta share fuska ta ce ka gai da kowa da kowa, babba da yaro, ba ka bar kowa ba. Aka yi ta hamdala, Liman ya yi maka addu'a mai tsawo. Kafin magariba Bappa ya kwance gorar ya bi sunaye ya mayar wa kowa nasa, na Barira ya fara aikawa. Har yau ana zancen a kasuwa, na ji ma labarin ya riga ni isowa Rogo, an ƙara masa gishiri, wai da Turanci ka yi wa Gwaggo magana ta amsa maka.

Washegari da safe, kafin in kama hanya, na shiga ɗakinta yin sallama. Ba kowa sai ni da ita. Na zauna a bakin gado na ce ta gaya min abin da ka faɗa daki daki, tunda ni ban ji ba. A raina abin da nake son in tambaya shi ne ko ka ambace ni, amma na ji nauyi. Ta ce in yafe mata, ita ba ta riƙe ko kalma ɗaya ba bayan sallamar. Ta ce abin da ta gaya wa mutane ta faɗa ne don ta san tarbiyyar da ta yi maka. Ta ce ba maganar ta saurara ba, muryar ta saurara, tana neman ta ji ko kana da lafiya, ko kana ƙoshi, ko hankalinka a kwance yake. Ta ce akwai ɗan mura a hancinka. Sannan ta ce muryarka ta sauya, ta yi kauri, ta koma ta Baba sak, har da yadda yake ɗan tsayawa kafin ya ambaci sunan Allah, shi ya sa ta kuka. Hamma, ka san ina da shekara huɗu Baba ya rasu. Fuskarsa ina ɗan tunawa, amma muryarsa ban san ta ba. Na hau keke na taho, sai da na wuce rafin farko sannan na tsaya a gindin wata kuka na zauna na daɗe.

Yanzu ga ni a Rogo. Rediyon yana kan tebur a rufe da bargo, Lado ya ce har yanzu batir bai zo Kano ba. In an yi la'asar sai in ɗauki kujera in zauna a ƙofar asibiti ina kallon masu dawowa daga gona da dammunan gyaɗa, mu gaisa su wuce.

Abu uku nake roƙonka. Na farko, na gani a littafin nan da ka bar min cewa akwai wani irin adafta da ake haɗawa da batir ɗin mota mai ƙarfin volt shida, yana da wani ɗan ƙarfe a ciki mai karkarwa da ke yanka wutar ta riƙa kai da komowa. In ana samunsa a can ba tare da ka takura kanka ba, shi ne zai yi mana amfani, don Lado ya ce zai bar min tsohon batir ɗinsa ya riƙa cika min shi a mota. In ya yi tsada, ka zana min yadda cikinsa yake, da adadin naɗin wayar, zan gwada da ƙahon tsohuwar mota. Wanda ka aiko kuwa na shafa masa mai na adana, zai jira ka. Na biyu, ka ce malamanka na can sun yi maka tayin ƙarin shekara guda. Ba ni da bakin hana ka, kai ne babba, kuma ka fi ni sanin amfaninsa. Amma ni nake duba Gwaggo, na kuma ga yadda ƙafafunta suka fara kumbura tun bayan sallar layya. Ban gaya wa Bappa ba, kai kaɗai na gaya wa. Ka sa wannan a ma'auni kafin ka ba su amsa.

Na uku shi ne ƙarami. Ka zauna ka rubuto min abin da ka faɗa a ranar nan, daga sallama har ƙarshe, yadda ka faɗe shi, kada ka gyara komai. Ko da sunana ba ya ciki, ka rubuto haka nan, zan karanta.

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shan ruwan zafi da citta in akwai ta a can, kuma ka rufe ƙirjinka. Bappa Sulle yana gaishe ka, shi da Inna Khadijatu da su Fatima. Lauratu ta aiko a gaishe ka ita da iyayenta. Liman da hedimasta da Isyaku da Lado duk sun ce in sa sunansu. Ka gai da Malam Sanusi abokin ɗakinka, ka yi masa godiya a kan ɗawainiyar da yake yi da kai. Allah Ya sada fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙaninka,
Aƙilu.